Tafin da Na Yi Ni Kaɗai

Alibandeng, Libreville
Talata, watan Maris, 1976

Zuwa ga Djaïba, sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan ranar garin nan ta dafa mini kai, ruwan randar da ban taɓa sha na ƙoshi ba. Ina miki sallama irin ta mai laifin da ya kawo kansa.

Kwana tara ke nan, Djaïba! Kwana tara ina bi ta gaban rumfarki a Akébé, in danna hon sau biyu yadda muka saba, ke kuwa sai ki ƙara nutsa kai cikin atamfofi kamar ba ki san kukan taksina ba. Jiya yayarki Haoua ta tare ni, ta ce kin ce a dakata da goron tambaya da manyana suka shirya kai wa kawunki ran Juma'a. Wallahi sai da na kashe mota na zauna. Fasinjojina suka gaji suka fita, ban ma san sun fita ba.

Na san inda abin ya samo asali: fim ɗin nan ne na waccan Lahadin.

Kin tuna yammacin? Wani malamin makaranta ɗan ƙasar nan da na ɗauko daga Plaine Orety ne ya ba ni tikiti uku, nawa da naki da na Haoua, ya ce fim ne da ba a taɓa yin irinsa ba. Kika fito da mayafi ruwan ganye, lalle ya kama yatsunki, ruwan sama ya ɗauke kamar don ke. Turarenki na Garoua ya cika motar, har yau ban yarda kowa ya sauke gilashin baya ba. Ya hasken safiyata, wane mahaluki ne ya kai ni farin ciki a ranar?

Na shiga da kurin wanda ya san sinima. A sinimar unguwa ni ne mai fassara wa layinmu Faransanci, kin sani. Can ba a kallo da baki rufe. Ana zagin mugu, ana yi wa jarumi kashedi, kuma duk wanda ya saba ya san ƙa'ida: idan mugunta ta kai maƙura, mai ceto yana bakin ƙofa, sai a fara tafi tun bai bayyana ba. Da wannan ilimin na zauna kusa da ke, ina hura hanci.

Sai ga abin da aka nuna mana. Ba kiɗa, ba waƙa. Mutum guda ɗaure a turke a tsakiyar wani ƙauye marar suna, rana tana cin sa, mutanen gari sun kewaye shi. Ba a gaya mana laifinsa ba. Wata tana tsifar kai, wani yana ɓare gyaɗa. Hoton ya daɗe bai motsa ba, har wani a bayanmu ya yi ihu wai injin ya lalace. Ni kuwa ina ta raɗa miki cewa ki jira, yanzu zai zo. Can wata mata ta fito da ƙwaryar ruwa, ta kai ta har leɓensa, sannan ta tsiyayar a ƙasa a hankali. Na ce a raina yawwa, lokaci ya yi! Na buga tafi, har da dariya. Ni kaɗai, a ɗakin da ko tari ba a yi. Ba mai ceton da ya bayyana. Mutumin ya mutu a turken, aka kunna fitila.

Wayyo kallon da kika yi mini! Na rantse da wanda ya halicci idanun nan naki, ba ruwan da aka zubar na tafa wa ba. Mai zuwa na tafa wa.

Kin ga yadda ɗakin ya dare biyu. Haoua ta fice tun kafin ƙarshe tare da kusan rabin jama'a, tana cewa an tara bayin Allah an wulaƙanta su. Ɗalibai da wasu Turawa ma'aikatan mai suka miƙe tsaye suna jinjina. A tsakar gidan sinimar wani dattijo ɗan Mali ya ce rashin imani ne mutum ya zauna kan kujera mai laushi ya kalli ana kashe wani da ƙishirwa. Malamin da ya ba ni tikiti ya ce ai maganar fim ɗin ke nan, ga shi mun zauna mun kalla. Dattijo ya cire takalmi, aka shiga tsakani. Kowa yana da ta cewa, har mai gadin ƙofa. Ke kaɗai ba ki ce uffan ba, har na sauke ku.

Shirun nan ne ya hana ni sakat. Me kika gani, farin watana? Kina tare da masu ficewa ne, kunya ta zaunar da ke? Ko kina tare da masu jinjina? Me ya sa ba ki kau da kai ba ko sau ɗaya, ke da ba kya iya tsayawa inda ake yanka kaza?

Son sani ya sa na zama abin dariya a tasha. Duk wanda ya shiga motata sai na tambaye shi ko ya gani. Wani mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa ya ce ƙarya ce, babu garin da za a rasa mai tausayi ko ɗaya. Wata nas ta ce ta ga wanda ya fi haka a bakin titi da rana tsaka. Wani mai kwat ya ce a garin da arzikin mai ke tsirar da bene kowane wata, wa ke da lokacin baƙin ciki? Ban ƙaru da komai ba, sai na koma sinimar. Sau biyu na koma, ni kaɗai, na sa hannuwana ƙarƙashin cinya.

A gani na uku ne na lura da ita. Wata tsohuwa can gefen hoton, ba ta magana, ba ta kwance igiya ba, amma duk lokacin da rana ta juya sai ta matsa taku ɗaya, inuwarta ta faɗa kan fuskar mutumin. Abin da take da shi ke nan, shi ta bayar. Ita kike kallo, ko ba haka ba?

Ina kallonta sai na tuna wata rana a watan jiya. Kasuwa ta rufe wani bawan Allah da duka a bayan rumfarki, wai ya ɗauki abin da ba nasa ba, aka bar shi yashe yana haki. Kika ɗauki butarki kika nufe shi. Ni ina ina? Ina cikin mota, hannu a kan sitiyari, ina kiran ki ta taga: ki dawo, ki jira, jandarma za su zo. Ashe sau biyu kika ji wannan kalma daga bakina! Ashe ba tafin ne ya ɓata miki rai ba, jiran ne. Kin duba mutumin da za a kai wa kawunki goronsa, kin gan shi cikin masu ɓare gyaɗa.

Na ji kunya, Djaïba, kunyar da ban taɓa ji ba tun da na baro Maraɗi. Ba zan ce miki na zama jarumi cikin kwana tara ba, kin fi ƙarfin a ruɗe ki da baki. Ni matsoraci ne da ya gane kansa a sinima. Amma ina son ki, son da ya fi tekun nan da ke gabanmu nacin dawowa bakin gaɓa, kuma ina so in koyi abin da kika iya ba tare da an koya miki ba.

Wataƙila ma na yi kuskure, wani abu dabam kika gani. To ki gaya mini, ki zage ni in kin so, muryarki nake nema. Jibi Alhamis da azahar zan zo Akébé. Ba zan danna hon ba. Zan ajiye mota nesa, in tako da ƙafata, in tsaya gaban rumfarki cikin rana, kasuwa duka tana kallo. Ba zan aiko Haoua ba, ba zan jira wani ya gyara mini ba. Idan kin ga dama ki bar ni a tsaye har la'asar, na cancanta. Idan kuma kin matso taku ɗaya inuwarki ta taɓa ni, zan san goro yana da inda za a kai shi.

Ko kin matso ko ba ki matso ba, zuciyar nan ba ta da wata rumfar zuwa sai taki, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Naki, wanda ya daina jira,
Ɗanlaraba