Kafaɗar Mai Askin Tumaki

Litinin, 2 ga Satumba
Su Col, abokan aikina, sun tafi aski wajen Booligal da safe, ban da ni. Tun ina saurayi kakar askin tumaki ba ta taɓa wuce ni ba. Na tsaya bakin ƙofa har motar ta ɓace. Kafaɗar nan, ko butar shayi ta ƙi ɗagawa.

Alhamis, 12 ga Satumba
Likita sai wata mai zuwa, layi ya cika. Matata Noelene ta ce mai gashin ƙashin da ke zuwa daga Griffith ba ta neman takardar likita, shiga kawai ake yi. Ban yarda ba, sai ta kai ni da kanta. Tamsin sunanta, sa'ar 'yarmu. Ta murɗa hannun har na saki ƙara. Ta ce, "Haba Des, ragunan da kake kayarwa ma sun fi ka dauriya."

Talata, 24 ga Satumba
'Yan inshora sun mayar da wani abu daga kuɗin gashin ƙashin, sauran daga aljihunmu. Wai kason bana ya kusa ƙarewa. Noelene ta ce in bar ta da su. Ni dai ina ta jan robar motsa hannu da aka ɗaura min a ƙofa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Col ya kira. Ina jin ƙarar injinan aski a bayansa, da kukan tumaki, da wani yana zagin kare. Ya ce wanda suka sa a gurbina kunnuwa kawai yake yanka, in yi sauri in warke. Bayan ya kashe na daɗe riƙe da wayar. Har warin maiƙon ulu nake kewa.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Hannu ya wuce kai yau. Na tambayi Tamsin batun komawa aski baɗi. Ta ce kafaɗar za ta ɗauki jika, za ta tuƙa mota, amma wuni guda ana kokawa da raguna, a'a. Na gode mata ma, ina jin.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Col ya biyo da ɗan ƙanwarsa, wai yana son koyon aski. Na ce hannu ɗaya gare ni. Muka je garken maƙwabta duk da haka. Riƙon tunkiyarsa abin kunya ne, ƙafa a karkace, baya a sanƙare. Na gyara masa tsayuwa. Ban taɓa injin ba, kuma sai a hanyar gida na lura.

Na ce wa yaron ya dawo Laraba. Don tausayin tumakin ne kawai.