Rasuwar Alhaji Muttaka Lado a Gandun Dajin Tudun Baraka

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Raya Daji da Yaƙi da Hamada ta Katsina ta samu labarin rasuwar shugabanta, kuma uban tafiyarta, Alhaji Muttaka Lado Gobarau, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 8 ga watan Yuni, 1999, dab da sallar Azahar, yana da shekara sittin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Alhaji Muttaka ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin gandun daji, kuma bayan ya yi ritaya bai koma gida ya zauna ba. Shi ne ya dage, lokacin da manyan ma'aikata da dama ke yi masa dariya, cewa faƙon Tudun Baraka da ke arewacin birnin nan, wanda ko ciyawa ba ta fitowa a kansa, zai iya komawa daji ba tare da an reni dashe a leda ana jigilarsa a mota rabinsa na mutuwa a hanya ba. Dabararsa ita ce tarakta ta ja garma mai dogon haƙori ta tsaga ƙasa yadda ruwan sama zai zauna, sannan a bi tsagar a zuba irin bagaruwa da gawo da ƙirya kai tsaye. Shekarar farko kusan komai ya ƙone. Ya sake shukawa. Yau duk wanda ya je Tudun Baraka zai tarar da kadada ɗari biyu na itatuwa sun fi tsayin mutum, mata na tsintar bagaruwa suna kai wa majema, makiyaya na samun inuwa da 'ya'yan gawo.

Saboda maganganun da ke yawo a Babbar Kasuwa da tashoshin mota, ya zama wajibi Ƙungiya ta bayyana abin da ya faru kamar yadda ma'aikatanta suka gani da idonsu. Da tsakar ranar Talata, ana tsaga sabon fili, wasu mutane suka iso da igiyar awo da turaku, suka ce tunda mulki ya dawo hannun farar hula an ba su wurin su yanka filaye. Marigayi ya sa direban tarakta, Malam Lawwali Yari, ya kashe inji, ya nemi su nuna takarda, ba su nuna ba. Murya ta tashi sosai. Abin da Malam Lawwali ya ji marigayi ya faɗa musu na ƙarshe shi ne: "Ku je ku zo da takarda da sa hannun hukuma, ni da kaina zan cire muku taraktar nan. Kafin nan, ba a kafa turke ko ɗaya." Suka tafi. Bai fi minti ashirin ba ya dafa tayar tarakta, ya zame ƙasa. Likitan da ya duba shi a asibiti ya tabbatar wa iyalinsa cewa zuciyarsa ce ta buga, kuma an daɗe da sanin yana fama da hawan jini.

Don haka muna shaida wa jama'a, tsakaninmu da Allah, cewa babu wanda ya ɗora masa hannu. Muna roƙon leburorinmu da 'yan acaɓa da matasan unguwar Gobarau da muka ji suna shirin zuwa gidajen waɗancan mutane da su janye, domin kwana goma sha biyu kacal ke nan da sojoji suka miƙa mulki, kuma ba da sunan Alhaji Muttaka za a fara zubar da jini a garin nan ba. Haka kuma muna kira ga sababbin hukumomi da su fito fili su faɗi ko sun ba wani gandun nan, tun kafin ranar Asabar.

Mun ambaci Asabar ne saboda ruwa ya sauka, kuma irin da marigayi ya jiƙa da hannunsa ba zai jira ba. Jiya uwargidansa, Hajiya Iklima, tana zaune a wurin karɓar gaisuwa, ta aiko a gaya mana mu zo mu kwashe buhunan irin da ke zaurensa kada su lalace. Mun kwashe. Bayan sadakar uku, taraktoci za su koma Tudun Baraka ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe domin a shuka shi, da yardar Allah.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Iklima, da 'ya'yansa Malam Sagiru da Hajiya Safiya da ƙannensu, da ɗaukacin zuri'ar Malam Lado. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa itatuwan da ya shuka su zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi. Amin.

Malam Audu Babaji
Kakakin Ƙungiyar Masu Raya Daji da Yaƙi da Hamada, Katsina
Alhamis, 10 ga Yuni, 1999