Layin Soron Ɗinki a Rufe Yake, Ni Na Rufe Shi

Zuwa ga Injiniya, shugaban masu zana taswirar bututun ruwa na cikin birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake yawo da ita tun zamanin soja. Na kai ta ofis, na kai ta gidan manya, babu wanda ya taɓa ce mini i ko a'a. Yanzu an ce farar hula sun karɓa, talaka yana iya magana a saurare shi. To, ga ni. Sunana Inuwa, a Zaitawa aka haife ni, a nan nake har gobe. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Bukar ne yake rubuta mini wannan, kuma na ce masa kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Lebura ne ni a aikin ruwa, tun ina da ƙarfi har aka sallame ni. Ni nake ɗaukar makulli, dogon ƙarfen nan da ake zurawa ƙasa a buɗe bawul ko a rufe. Babu bawul ɗin da ban san juyi nawa yake ci ba tsakanin Kurmi da unguwarmu.

Na farko. Ina zauren mai unguwa ran da mutanenka suka baje taswira. Suka ce kowane zane bututu ne, kowane ɗigo mahaɗa ce, kuma kwamfuta tana yanke zanen ɗaya bayan ɗaya ta ga wanne ne in ya fashe zai fi hana jama'a ruwa, sai ta sa masa ja. Wallahi na ji daɗi, domin abin da muke yi da ka ke nan, mu ba mu da na'ura. Amma da na matsa kusa, sai na ga Zaitawa kore ce, wai ba ta cikin haɗari. Na tambayi dalili, aka ce ai hanya biyu ruwa ke shigo mana, ɗaya ta Jakara, ɗaya ta Soron Ɗinki, in ɗaya ta tsaya ɗayar ta riƙe mu. Injiniya, wannan ba haka ba ne. Hanya ɗaya ce.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya fi yi mini nauyi. Layin Soron Ɗinki a rufe yake, ni na rufe shi da hannuna. Wata damina ce bututun ya tsage, ruwa yana cin gindin katangar mutane. Helmanmu, wato shugabanmu na leburori, marigayi Malam Sule, ya ce in rufe kafin kayan gyara su iso. Na rufe. Kayan ba su zo ba a watan, ba su zo ba a shekarar. Malam Sule ya kwanta ciwo ya rasu. Daga baya aka zuba kankare a bakin lungun, wani ya ɗora shago a kan murfin bawul ɗin. Yau tela ne a ciki, Malam Habu, kekensa daidai kan bawul ɗin yake zaune.

A lokacinmu ba a rubuta abin da lebura ya yi. Helma ya faɗa da baki, kai ka aikata, shi ke nan. Saboda haka takardar da ke ofis har yau tana cewa layin a buɗe yake, kuma ita kuka ɗauka kuka ba kwamfutarku. Ban ce na'urar ta yi ƙarya ba. Abin da aka gaya mata ta maimaita.

Na uku. Sau uku ina zuwa ofishinka. Zuwan farko masinja ya ce kana mitin. Na biyu aka haɗa ni da wani injiniya cikin mutanenka, ya saurare ni yana duba agogo, ya tambaye ni ko ina da takardar shaida. Na ce masa shaidata tana ƙarƙashin ƙasa, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa masallaci ba in an sauka daga mota. Ya yi murmushi, ya ce Baba a bar wa masu ilimin abin. Na uku ko kujera ba a ba ni ba. Wulaƙanci ba baƙona ba ne, na sha shi a wajen waɗanda suka fi shi girma. Ba shi ya sa nake rubutu ba.

Abin da ya sa shi ne na huɗu. An yi shela cewa za ku yanke layin Jakara ku sa sabo, tunda tsohon a cikin kwata yake kwance, kuma an ce kada mu damu, ruwa zai zo mana ta Soron Ɗinki har a gama. Na ga ɗan kwangila ya jibge bututunsa a bakin hanya. Hadari kuma ya fara haɗowa. Ran da kuka yanke, ko ɗigo ba zai zo Zaitawa ba, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Mata za su koma rijiyoyin cikin gida. Kai ba a cikin birni kake kwana ba, bari in gaya maka: a gidajenmu tsakanin rijiya da shadda wani wurin bai fi taku kaɗan ba, in ruwan sama ya sauka kuwa ƙasa ba ta raba su. Matata Hauwa amai da gudawa ne suka ɗauke ta, a wata shekara da famfo ya ƙafe. Da safe tana tuƙa tuwo, kafin la'asar ta washegari mun dawo daga maƙabarta. In haka ta sake faruwa a gidan wani saboda bawul ɗin da na rufe, me zan ce wa Ubangiji? In ce helma ne ya sa ni? In ce na je ofis an ce ana mitin?

Ba na neman aiki, ba na neman a kira ni injiniya. Gwajin ma ba shi da wuya. Ka aiko a rufe bawul ɗin Jakara na safiya ɗaya tak, mu tsaya ni da kai a famfon masallacin unguwa mu murɗa. In ruwa ya zo, ka sa a yi shela Inuwa ya tsufa ya ruɗe, zan tsaya a gaban jama'a in amsa. In bai zo ba, Malam Habu ya yarda a ɗauke kekensa a fasa daɓen, sharaɗinsa kawai a mayar masa yadda yake. A buɗe bawul, a gyara tsagar, sannan ku taɓa Jakara.

Kuma ba nan kaɗai ba ce. Akwai wurare irin wannan a cikin birni da ba sa kan takarda. Mu da muka riƙe makulli a shiyyar nan saura mu uku, ɗayanmu ma idonsa ya tafi. Ku zaunar da mu gaban taswirar nan tun muna iya nuna muku da yatsa.

Saboda haka ina neman amsa, kuma daga gare ka, ba daga masinja ba. Ko dai ka zo mu gwada, ko ka rubuta cewa ka ji maganata ka ƙi, ka sa hannu, a karanta a zauren mai unguwa kowa ya san wanda ya ɗauki nauyin. In ranar yankan ta zo ban ji ko ɗaya ba, ɗan kwangilarka zai same ni zaune a kan bututun Jakara, sai dai a ɗauke ni.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare ka daga ɗaukar hakkin mutanen da ba ka taɓa gani ba, ya raba mu da kai lafiya.

Wassalam.

Inuwa mai makulli,
Zaitawa, cikin birnin Kano.