Hoton Inna a Takardar Ƙosai

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ina aiki, ina zaman birni? Mu nan gida sai godiya, an gama yankan gero, dawa ma ta kusa. Na rubuto maka a wannan shafi na intanet, inda abokan aikinka na gidan jarida za su gani, domin wayarka ta daina ɗaukuwa idan lambata ce ta kira. Tunda a bainar jama'a ka yi mana, a bainar jama'a zan yi maka magana.

Zancen hoton Inna ne da ka buga a jaridarku, da abin da ka rubuta a ƙarƙashinsa. Inna ta ga hoton. Ba ta san abin da rubutun ya ce ba, kuma a duk garin nan ita kaɗai ta rage ba ta sani ba.

Ka san yadda jarida take zuwa mana. Mu ba don karatu take zuwa ba. Sai ta gama kwananta a birni, a ɗaure ta da igiya, a kawo kasuwa, masu tsire da masu ƙosai su saya su riƙa naɗe abin sayarwa. A irin wannan ɗaurin Iya Ladi mai ƙosai ta samo taku, kuma ba guda ɗaya ba, tari ne na fitowa ɗaya da ta yi kwantai. Baiwar Allah ba ta iya boko ba, yaga kawai take yi tana zuba ƙosai. Haka fuskar mahaifiyarmu ta shiga gida-gida da safe, jiƙe da mai da yaji, 'yan makaranta suna karanta wa iyayensu: yunwa ta sa mutanen karkara sun koma cin ganye.

Cin ganye, Yaya! Kwaɗon tafasa ne fa.

Ka tuna zuwanka da damina. Ko takalmi ba ka gama cirewa ba ka ce ba abin da kake marmari kamar kwaɗon tafasar Inna, wai a birni ba a iya shi ba. Akwai tuwo a tukunya, akwai kazar da aka kama saboda kai. Tsohuwar nan da ciwon gwiwarta ta hana kowa, ta tafi bayan gari da kanta, don ta ce mu ba mu san ganyen da bai tsufa ba. Ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli. Tana tsugune a gaban kwarya ka fito da waya. Ta ce, "Tsaya mana in sake zane, wannan na aiki ne." Ka ce a'a, haka ya fi kyau. Mu duka muka yi dariya, mun ɗauka so ne. Ka cinye kwaryar nan har da suɗi, sannan ka koma ka rubuta cewa yunwa ce.

Ni na san jaridun garinku. Da na zo sunan ɗanka, ka kai ni bakin tasha ka nuna mini teburin mai jarida, an danne su da duwatsu kada iska ta kwashe. Ga ta Turanci da ke isowa daga Kano da hantsi, ga taku ta Hausa mai fitowa mako-mako, ga mujallar 'yan fim, ga ta girke-girke, ga ta wa'azi, ga wata 'yar ƙarama da ka ce ba ta farkawa sai zaɓe ya matso. Maza sun yi cirko-cirko suna karanta kanun labarai, ba mai saye. Na buɗe taku. Rabinta manya ne cikin manyan riguna ana taya su murna, wannan ya sami sarauta, wancan ya aurar da 'ya, wani ya dawo daga Umara. Kowannensu ya gyara zaman hula kafin a ɗauke shi. A cikinsu wa ka taɓa ce wa kada ya sake riga, haka ya fi kyau?

Ban ce babu yunwa ba. Akwai gidajen da bana suka ji jiki kafin sabon gero ya nuna, kuma ka san su da sunansu. Akwai kwalbatin da ruwa ya cinye har amalanke ba ta wucewa, akwai tsutsar da ta shiga masara, akwai takin da ya gagari talaka. Ko layi ɗaya a kansu ban taɓa gani ba a takardun da ke zuwa mana. Amma gidajen can sai ka yi sallama, ka nemi izini, kuma ana iya cewa a'a. Shi ya sa ka zo inda ba za a taɓa hana ka komai ba.

Bari ka ji abin da aikinka ya haifar. Da aka ɗaure gero, Malam Idi maƙwabcinmu ya fitar da zakka, ya sa aka ajiye dami a ƙofar ɗakin Inna. Washegari wani gidan ma ya aiko. Da zuciya ɗaya suka yi, sun ga abu a rubuce sun gaskata, har suna jin kunyar suna kusa ba su lura ba. Gidan nan da tun Baba na raye, Allah ya jiƙansa, daga cikinsa zakka take fita, yau ita ake kawo masa. Inna ta tsaya tana kallon damin ta ce, "Ikon Allah, ko ɓatan ƙofa suka yi?" Ta yi godiya don kada ta kunyata mai bayarwa, ta sa aka miƙa wa masu buƙata. Kabiru ƙaninmu, da yake noma gonar nan shi kaɗai tun tafiyarka, ya daina zama a majalisa. Rumbunsa a cike, amma ana yi masa kallon wanda ya bar uwarsa da cin ganye.

Inna kuwa murna take yi. Ta samu shafin, ta goge man da tsumma, ta danne shi a ƙarƙashin katifa har ya miƙe, ta adana shi tare da kayanta na Sallah. Ka san ba ta taɓa kiran sunanka ba, kai ne ɗan fari. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Nuna mini inda sunan wancan yake." Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce in karanta mata sauran. Na ce wanda ya rubuta ya fi kowa iya karantawa. Ta ce, "To, bari ya zo."

Sai dai ba za ta jira ba. Mako mai zuwa akwai suna a Gezawa, gidan ƙanwarta, kuma ta ce da takardar za ta tafi ta nuna wa dangi. Gidan suna cike yake da 'yan matan da suka yi sakandare. Wata za ta karɓa ta karanta da ƙarfi a tsakiyar mata, ba da mugun nufi ba. Kabiru ya ce mu sace takardar mu ƙona. Na hana, domin Iya Ladi ba ta ƙarar da tarinta ba, kuma na gaji da yin shara a bayanka. Kada ma ka ce za ka buga gyara a wani lungu na jarida, Inna ba a lungun jarida take zaune ba.

Yaya, kai ka koya mini haɗa baƙi. Kai kake tsinto guntun jarida a kasuwa, ka zaunar da ni a zaure, ka riƙe yatsana muna bin layi. Kai kake cewa wanda ya iya karatu ba a rufe shi. Na yi alfahari da kai ranar da aka ce sunanka ya fara fitowa a takarda, har gorinka nake yi wa ƙawayena. Yau kuwa da ba ka koya mini ba, da ina cikin daɗin da Inna take ciki. Ina fushi da kai ƙwarai, kuma ina kewarka, duka biyun gaskiya ne.

Abu ɗaya nake nema. Ka zo kafin sunan nan. Ka zauna a tabarma a gabanta, ka karɓi takardar daga hannunta, ka karanta mata duka, kada ka tsallake kalma. Abin da za ta ce maka bayan nan tsakaninku ne, ni zan fita in ja muku ƙofa.

Allah ya ba ka ƙarfin halin hawa mota. Allah ya sa daga bakinka za ta ji, ba daga bakin 'yar wani a taron mata ba. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ta san ina rubuto maka. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka Allah ya yi maka albarka, yadda ka fito da ita duniya ta gani, kai ma 'ya'yanka su yi maka haka. Na kasa cewa amin, na bar maka.

Ƙanwarka,
Rakiya