Tsohon da Ba Ya Hura Wuta

Zuwa ga jikata marubuciya,

Bayan gaisuwa, ina nan da raina. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, na ce kada ya rage wa maganata gishiri.

Kin zauna a tabarmata kina lasar zumata, kina tambayata labarin kurmin bayan gari, kika yi littafi. Ban hana ba. Aka ce wata ta juya shi zuwa yaren mutanen ƙetare, suka karanta suka yi hawaye, suka ce a ceci kurmin. To, an cece shi. An kewaye shi da waya, an kafa allo da hotona, an ajiye mai gadi.

Jiya na je da damin ciyawa zan yi hayaƙi in ɗebi zuma, mai gadi ya ce an hana wuta da gatari. Na nuna masa allon, na ce fuskar wa ke nan? Ya ce ta tsohon da ba ya hura wuta.

Amyoyina suna ciki, sun cika. In ba a ɗiba ba ƙudan zuman za su tashi, kuma ƙudan da ya tashi ba ya waiwaye. Wa ya gaya wa mutanen nan ba na hura wuta?

Kakanki.

Kaka, angona,

Ina gaishe ka da girmamawa. A namu littafin kana nan da hayaƙinka da gatarinka. Mai fassarar ce ta cire babin, don masu bugawa sun ce mutanensu ba za su so tsoho mai sarar reshe ba. Ta tambaye ni, na yarda, ina ganin ko ta yaya dai kurmin ya tsira daga masu gawayi. Sun ce za su mayar da babin a bugu na gaba. Ranar buɗe wurin masu kula da kurmin suna so kai ka yanke ƙyalle, su ba ka rigar girmamawa. Ka yi haƙuri.

Amaryarka.

Ke,

Na amsa gaisuwa, amma ki ajiye angon nan, yau babu wasan jika.

Masu gawayi ni na kore su da sanda tun uwarki tana goye, ba da littafi ba. Bishiyar da na sari reshenta na fafe amya, ki je ki gani ko ta mutu. Ashe sai kuka yi mini wanka, kuka ƙwace gatarin, kuka zaunar da ni gindin bishiya ina murmushi kamar wanda ba ya cin abinci, sannan na isa a so ni.

Bugu na gaba! Ki zo ki gaya wa ƙudan zuma su jira bugu na gaba. Jiya da hantsi na ga tarin farko ya tashi ta kan waya ya yi gabas, ina tsaye a waje kamar ɓarawo.

Ƙyallen kuwa, ku aiko tsohon cikin littafin ya yanke. Shi ne naku.

Kakanki.

Kaka,

Ina gaisuwa. Na kira masu kula da kurmin, sun ce doka ce, sai kwamiti ya zauna. Don Allah kada ka yi abin da za a kama ka.

Jikarka.

Jikata,

Na gaishe ki. Tela ya ara mini tsani, ashana kuma tawa ce. Gobe da safe zan haura wayar, a gaban mai gadi. In sun kama ni ki rubuta, wannan karon kada ki bari a cire.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.