Baitin da Baba Ya Ɓoye

Daren Asabar, garin Bowie

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Yau mawaƙan makarantar su Hadiza, autata, suka rera waƙar nan da Baba ke yi mana muna yara, wadda mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ashe Hadiza ta naɗi muryar Baba a waya, malaminsu ya haɗa da ganga da fiyano. Yara wajen arba'in, farare da baƙaƙe, suna amshi da Hausa kamar masu jan igiyar jirgin ruwa. 

Baba, da ke zaune kusa da ni, bai tafa ba, har na tsorata ko ransa ya ɓaci. Sai a mota ya ce, "Hadiza, saura baiti ɗaya."

"Wanne, Kaka?"

Ya rera shi a hankali. Sunaye ne zalla, guda tara, kowa da garinsu. Ya ce sojojin da suka rasu a jirgi ne kafin a isa, aka sa su a teku, babu kabari.

Shekara hamsin ina jin waƙar nan, ban taɓa sani ba. Na tsayar da mota a gefen hanya, muka yi musu addu'a.