Mijin Yayata Yana Dawowa da Jiƙaƙƙen Kai

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, kuma ki ɓoye sunana, don in Yayata ta gane ni ce ban san inda zan sa kaina ba. Ni ko a aji ba na iya ɗaga hannu, balle in tari babba da magana. In na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri.

Bara na gama firamare. Yayata da muke ciki ɗaya tana aure a ƙasar waje, ita da mijinta suka roƙi Umma ta ba su ni in ci gaba da karatu a wurinsu. Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Na zo ana sanyi, yanzu kuwa bazara ce, muna dogon hutu. A hawa na sama muke, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda inda muke shanya. Gidajen nan don sanyi aka gina su, da zafi ya shigo sai ya rasa hanyar fita. Rana kuma ba ta son faɗuwa, sai ki yi la'asar ki gaji da jiran magariba.

Yaya tana aiki a gidan kula da tsofaffi, sai yamma lis take dawowa ƙafafunta a kumbure. Mijinta gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa abokansa ke ce masa Mai Sanyi, ita ma haka take kiransa. Amma mu fanka ɗaya gare mu, ita ma wuyanta ya karye an ɗaure da igiyar takalmi. Yaya takan ce ya sanyaya gari kaf ya bar matarsa tana dahuwa. Fankar ma a ɗakina suka ajiye, su suna kwana taga a buɗe. Na faɗa miki ne don ki san ba mugun mutum ba ne. Da, Hajiya Ƙarama yake ce mini, ya tsokane ni wai na fi Yaya iya dafa shayi, ya sayo mini askirim a ɓoye.

Yanzu duk ya daina, kuma ina jin na san ranar da na fita daga ransa. A farkon hutu mun je wani wurin shaƙatawa mai tafki. Ina kan dandamalin katako ina jefa wa agwagi burodi, sai santsi ya ɗebe ni na faɗa ciki, ruwan ya shanye kaina. Yaya ta ce shi ya fara isa bakin ruwan, ya durƙusa yana miƙo hannu, amma bai shiga ba. Wata tsohuwa ce sa'ar kakarmu ta saki igiyar karenta, ta faɗa da kayan jikinta ta jawo ni. A mota Yaya tana kuka ta ce masa ƙato da shi ya tsaya kallo tsohuwa ta yi aikin maza. Daga baya ta mai da abin wasa, shi ma ya yi 'yar dariya, amma tun ranar bai ƙara kallona ido cikin ido ba. Na ce ko yana ganin na zame musu kaya ne.

To bayan nan ne ya fara cewa aiki ya yi yawa saboda zafi, wasu ranaku sai ya makara. Yakan riga Yaya shigowa da kaɗan, don haka ni kaɗai nake ganin yadda yake dawowa. Anti, kansa a jiƙe yake shigowa, jikinsa fes, babu baƙin mai ko ɗigo a hannunsa. Idanunsa jawur. Yana warin bilic, irin wanda muke wanke banɗaki da shi. Yatsunsa duk sun yamushe kamar wanda ya wuni yana wanki, shi da ko kofin shayinsa ba ya ɗaurayewa, to wa yake yi wa wankin? Sai ya buɗe tukunya ya ci shinkafa a tsaye kamar an kore shi daga wani wuri. Ran nan na leƙa baranda na gan shi ya karkata kai gefe yana tsalle da ƙafa ɗaya yana bubbuga kunne. Da ya gan ni sai ya yi kamar yana duba shanya.

Da ban kawo komai a raina ba. Wata mai kitso ce da ke zuwa wurin Yaya, tana kitso tana zuba, ta ɗauka ba na ji. Ta ce duk namijin da ya fita da wankansa ya kuma dawo da sabon wanka, matarsa ta buɗe ido, wai bazarar ƙasar nan ta raba aure ba adadi. Yaya dariya kawai ta yi. Ni kuwa na riƙe maganar.

Daga nan na fara sa ido. Akwai wata 'yar jaka da ba ya taɓa hawowa da ita, a motar aiki yake barinta, na kuma hango shuɗin tawul a shanye kan kujerar motar, ba na gidanmu ba. Na taɓa jin yana sauraron saƙon murya, mace ce, da yaren ƙasar. Ban gama iya yaren ba, rana da lokaci kawai na tsinta, sai dariyarta a ƙarshe. Da Yaya ta tambaye shi warin nan, ya ce maganin wanke na'ura ne. Amma abin da ya fi tsaya mini, wata ranar da ya ce suna can wurin aiki shi da abokin aikinsa, sai ga abokin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kawo masa akwatin kayan aiki, ya ce ai tun azahar suka tashi. Ban faɗa wa kowa ba.

Umma tana kirana duk mako, kuma ba ta ajiye waya sai ta tambaye ni ko suna zaune lafiya. Ranar da zan taho ta ja ni gefe ta ce in zame mata ido, don ita tun farko auren nesa bai kwanta mata ba. Na san in na faɗa mata, kafin gari ya waye Kawu ya ji, a ce Yaya ta tattaro ta dawo, ni ma karatuna ya tsaya. In kuma na yi shiru, ina cin abincin Yaya ina kallonta tana jiƙa ƙafa a roba tana yi masa dariya, sai in ji kamar da ni ake cutarta. Har na kai ina shinshina rigunansa kafin in sa a injin wanki, abin yana ba ni kunya. Anti, in faɗa wa Umma ne, ko Yaya, ko in haɗiye?

Taki,
Ƙanwa mai zullumi

Wa alaikumus salam 'yata. Kin rubuta da kyau, kuma idonki yana gani sosai. Fassarar ce aka ara miki, daga bakin da ya saba zuba.

Bari in fara da abin da yake gaskiya a zarginki. Mijin Yayarki ya yi ƙarya, ya ce yana wurin aiki alhali ba ya can. Wannan laifi ne, kuma Yayarki tana da haƙƙin sanin inda mijinta yake yamma. Ban ce ki ƙaryata idonki ba.

Amma ki sake duba abin da kika lissafo mini. Jiƙaƙƙen kai, jan ido, warin bilic, yatsu a yamushe, yunwa, tawul a mota, da tsalle da ƙafa ɗaya ana bubbuga kunne. Na yi shekaru ina karanta wasiƙun mata a kan mazan da suka kauce hanya, ban taɓa jin wanda ya dawo yana warin banɗaki yana wawurar tukunya ba. Waɗannan da ƙamshi suke dawowa, a ƙoshe. Amma duk uwar da ta taɓa ɗauko yaro daga wurin koyon iyo ta san kamannin nan. Maganin da ake zubawa a ruwan ne ke yin warin yana sa ido ja, tsallen kuwa ruwa ne ya shiga kunne. Matar da kika ji tana faɗin rana da lokaci, zai yi wuya in ba mai koyarwa ba ce ko mai tsara musu lokaci.

Kika ce yaushe abin ya fara? Bayan ranar tafki. Ki sa kanki a matsayinsa. An ba shi amanar 'yar mutane, ta faɗa ruwa a gabansa, ya kasa shiga don bai iya ba, tsohuwa ta shiga, matarsa kuma ta faɗa masa maganar da har yau tana ci masa rai. Namiji irin wannan zai iya zuwa ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu yana koyon abin da yara ke yi da wasa, amma ba zai so a gida a sani ba sai ya iya. Ina kyautata zaton ba gajiya ya yi da ke ba, kunyarki yake ji.

Ban rantse ba, don ban gan shi ba. Shi ya sa ba zan ce ki haɗiye ba. Amma Umma ba yanzu ba. Tana nesa, zuciyarta a ɗar take, kuma maganar da ta ƙetare teku ba a iya kiranta ta dawo. In ta tambaye ki, ki ce lafiya suke, don iya abin da kika tabbatar ke nan. Shinshina riguna kuma ki bari daga yau, ba aikinki ba ne, zuciyarki kawai yake ɓatawa.

Ki sami Yayarki ranar hutunta, ta ci ta huta. Ki faɗa mata abin da kika gani yadda kika gan shi, har da zuwan abokin aikin, ba ƙari ba hukunci. Ki haɗa da zaton da na yi. In baki ya yi miki nauyi, ki miƙa mata shafin nan ta karanta, ba za ta yi fushi da ƙanwar da ta damu da ita haka ba. Tambaya tsakaninta da mijinta ce. In abin ya zama ba yadda na zata ba, manya ne za su ɗauka, ba ke ba, kuma ba ke kika jawo ba.

Ke kuma Yaya, in kina karantawa, maganar cikin mota ba a wanke ta da wasa. Ki janye ta da bakinki, a nutse.

'Yata, abu ɗaya ya rage naki. Ranar da ya shigo, ki dafa masa shayin nan da ya ce kin fi Yaya iyawa, ki ce masa kina so a sa ki a ajin koyon iyo na mata kafin hutu ya ƙare. Ki dubi fuskarsa in kin faɗa. Ke aka tsamo daga tafkin nan tun ranar, shi ga alama har yanzu yana durƙushe a bakinsa. Allah ya zaunar da gidanku lafiya, ya ba ki ilimi mai albarka, ya kuma sa Mai Sanyi ya tuna da fankar gidansa.

Antinku